Saiwar Shinuwa

Shekarar da mahaifiyarku ta kwanta asibiti ita ce mafi wuya a duk zamana na Amurka, kuma ba na son tuna ta. Aiki ya yi ƙasa, motata ta tsufa, bayana yana ciwo, gidan da muke haya a Hyattsville hitarsa mai ɗumama ɗaki tana aiki rana ɗaya ta huta biyu. Ku kuna ƙanana, Zainabu tana aji uku, Abdu ko lakkwal, wato makaranta, bai shiga ba. Da son raina ne da na tsallake wannan shekara na wuce ta gaba. Abin da ya hana ni shi ne maganar da Zainabu ta yi bara, ranar da aka bugo waya daga Damagaram aka ce Ilu ya rasu. Na yi salati na nemi wuri na zauna. Ita kuwa tana wanke kofi, ta juyo ta tambaye ni da Turanci, wai ko shi ne mutumin nan da ya ba Mama guba. Na ce mata shi ake nufi. Ban ƙara komai ba. To yanzu zan ƙara, don da wannan labari kuka tashi, kuma ni na dasa muku shi.

Ilu ba ɗan'uwana ba ne na jini. Unguwarmu ɗaya, ya girme ni da shekara biyu, ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekara biyar. Shi ya tarbe ni, a ɗakinsa na kwana wata huɗu, shi ya zauna yana karanta mini tambayoyin lasin tuƙi har na haddace su kamar karatun allo. Ya yi lakkwal mai zurfi, yana jin Faransanci, Turanci ma bai ba shi wuya ba. Ni aji huɗu na yi aka cire ni don in riƙa ɗaukar wa babana jaka. Bayan tuƙin tasi Ilu yana da 'yar sana'a. Ana kawo masa kilishi da yaji da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga gida, ranar Juma'a ya buɗe but ɗin motarsa a bakin masallaci mutanenmu su saya. Ina son sa, wannan babu ƙarya. Amma mutumin da kullum ya riga ka sanin abu, shi ke nuna maka hanya, shi ke karanta maka wasiƙarka, wata rana sai ka fara tambayar kanka me yake ci a ciki. Haka Allah ya yi ni. In aka yi mini alheri sai na juya shi na duba ƙasansa.

A wurin kakanku na ɗauko halin. Shi mai saiwa ne, yana da tabarma a kasuwa, kuma mutane sun yarda da hannunsa. Bai taɓa gaya wa mai saye sunan itace ba. Sai ya fere, ya daka, ya cuɗa da wani abu mai launi don kada a gane a je daji a tono. Kafin ya miƙa maka ƙulli sai ya dangwala yatsa ya lasa a gabanka, ka san ba kashe ka zai yi ba, kuma ya sha gaya mini cewa in na ga mai magani ya ƙi lasar maganinsa in tashi in bar wurin. Saiwa kuwa a wurinsa ba a dafa ta. Ganye ake dafawa. Saiwa da sassaƙe jiƙa su ake yi a tulu, a jefa jar kanwa, a bar su su sake da kansu, ana sha ana ƙara ruwa har ɗacin ya mutu. Ya ce wuta tana cinye ƙarfin saiwa. Tun ina shekara goma nake jin wannan, kuma ban taɓa ganin wanda jiƙon babana ya kayar ba.

Mahaifiyarku sanyi ya kama ta tun bayan haihuwar Abdu. In hunturu ya shigo yatsunta su kumbura, gwiwoyi su riƙe. Kitso take yi wa mata a falonmu, da shi take taimaka wa gida, ga shi ta kai ba ta iya riƙe tsinken tsaga. An ba ta ƙwayoyi a ƙaramin asibitin unguwa, suka ɓata mata ciki, ta ajiye. Wata rana muna layin tasi a bakin tashar jirgin ƙasa, na jingina da motar Ilu ina ba shi labari.

"Akwai wani tsoho Shinuwa a hanyar Germantown," in ji shi. "Na taɓa kai masa wata fasinja, ta shiga da sanda. Bayan wata biyu na sake ɗaukar ta, babu sanda."

Shinuwa shi ne yadda muke kiran mutanen Sin a gida.

"Me Shinuwa ya sani game da sanyin matan Damagaram?"

"Su ma suna da ƙashi, Mamman."

"Ka tabbata babu alade a ciki?"

"Itace ne. Alade ba ya tsirowa a ƙasa. Kai da kake ɗan mai saiwa, je ka shinshina da hancinka mana."

Ranar Asabar muka tafi, shi a gaba a motarsa, mu muna bin sa. Kantin ƙarami ne, tsakanin mai wanki da mai gyaran farce. Ina shiga warin ya buge ni, sak jakar babana, har na ji haushi. Bango guda cike yake da ƙananan akwatuna na katako da ake jawowa, sun fi ɗari, kowanne da rubutunsu a goshi. Tsohon siriri ne, da farar riga. Ya zaunar da mahaifiyarku, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunta ya rufe ido, ya daɗe, har na fara gyaran murya. Ya ce ta fito da harshe. Sannan ya yi magana da guntun Turancinsa, Ilu ya fassara, wai sanyi ne ya shiga gaɓoɓi ya zauna, sai an kore shi da abu mai zafi. Mahaifiyarku ta dube ni da murna, don abin da tsofaffin gida suka ce ke nan. Ni kuwa Ilu na duba. Na ce a raina, lallai an bugo waya kafin mu zo.

Abdu ya fara kuka, ta ɗauke shi suka koma mota. Saboda haka duk abin da ya biyo baya ba ta gani ba, ba ta ji ba, ku riƙe wannan. Tsohon ya juya ya sauko da wani littafi mai kauri kamar bulo, ya buɗe a kan tebur ya juyo mana da shi. Zanen itatuwa ne, kowanne da ganyensa da furensa da saiwarsa, ga rubutu ƙanana a jere daga sama zuwa ƙasa. In ya jawo akwati ya ɗebo abu ya auna a wani ɗan ma'auni na tagulla, sai ya buɗe shafinsa ya nuna mini da yatsa, wai ga shi nan. Ban taɓa ganin mai magani yana tona asirin kansa ba. Na ce ɗayan biyu ne, ko littafin na ado ne don a ruɗi baƙo, ko kuma abin da ke cikin akwatunan ba shi ne a littafin ba. Ya ƙulla manyan ƙunshi bakwai a takarda, na kwana bakwai. Sannan ya buɗe wani akwati na can ƙasa mai makulli, ya auno wata saiwa yankakkiya, baƙi-baƙi, kamar busasshen rogo da ya sha hayaƙi. Ita ma ya raba ta ƙananan ƙunshi bakwai, ya yi wa kowanne alama da jan biro. Na ɗauki yanki ɗaya na miƙa masa wajen baki.

"Gaya masa ya lasa."

Tsohon ya ja da baya, ya kaɗa hannu, ya ƙwace yankin ya mayar cikin takarda yana ta magana.

"Ya ce wannan ba a lasar ta haka," in ji Ilu. "Kullum ƙunshi ɗaya. A dafa ta ita kaɗai awa ɗaya da rabi, sannan a zuba babban ƙunshin a ƙara dafawa. Ya ce kada a rage lokacin."

"Ya ƙi lasa ke nan."

"Nan ba kasuwar Damagaram ba ce, Mamman."

Tsohon ya yi rubutu da zane-zane a wata takarda ya ba ni da hannu biyu. Na ninke na jefa a aljihun mota ban duba ba. A bakin ƙofa Ilu ya riƙe mini hannun riga ya sake maimaita maganar dafuwa. Kashegari ma ya bugo waya ya sake. Na ce masa ni ba kurma ba ne.

Za ku ce, tunda ban yarda da mutumin ba me ya sa na ba ta. To a gida na kwance babban ƙunshi na bi shi ɗaya bayan ɗaya da hanci. Na gane citta, na gane kirfa, sauran ma warin itacen kirki suke yi. Na ce kayan na gaske ne, dabarar ce ta ɗan kasuwa. A dafa ƙunshi guda, wuta ta kashe shi, a zubar, bayan mako a dawo a sake saye. Ƙullin babana ɗaya wata guda yake yi. Na ji daɗin kaina da na gano su. Na ɗauko turmin yajin mahaifiyarku na daka ƙananan ƙunshin nan masu jan biro, duka bakwai ɗin, suka yi gari. Na wanke galan ɗin madara, na zuba su da manyan, na jefa jar kanwa, na cika da ruwa na ɗora a kan firij. Ita ma da jiƙo ta tashi, ba ta ga abin tambaya ba. Bayan kwana uku ruwan ya yi duhu kamar shayi. Na dangwala yatsa na lasa yadda babana yake yi, sai na ji kan harshena yana zir-zir, ya ɗan mutu. Na ce mata, kin ji magani, wannan yana da ƙarfi.

Ranar da ta sha, da safe na ba ta rabin kofi. Ta ce leɓenta yana mata wani iri, na ce aiki ya fara. Bayan azahar na cika mata kofin. Ba a yi awa ba ta ce tururuwa na tafiya a fuskarta da hannuwanta. Ta yi amai, gumi mai sanyi ya rufe ta, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana dafe da ƙirji.

"Malam, zuciyata tsalle take yi. Ɗauke yaran nan daga nan."

Na tura ku gidan maƙwabta na kira motar asibiti. Kwana huɗu ta yi a ɗakin da ba a barin mutum ya zauna, wayoyi a ƙirjinta, wata na'ura tana ƙara a kanta. Sau biyu na ga nas-nas sun ruga ciki an ja labule. Likitar, wata mace, ta haɗa ni da tafinta ta waya, wani mai Hausar Kano, aka tambaye ni me ta sha. Na ce maganin Shinuwa. Aka ce in kawo sauran, na ce na zubar. Ban zubar ba, galan ɗin yana but ɗina ƙarƙashin safayar taya. Na ji tsoron in ya shiga hannunsu sai 'yan sanda, daga 'yan sanda sai maganar takardu, kuma takarduna a lokacin ba su gama zama ba. Ilu ya iso da yamma ya same ni a baranda. Ya zauna kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Mamman, ƙaramin ƙunshin nan, ka dafa shi yadda aka ce?"

"Na yi yadda ake yi."

"Yadda ake yi a ina?"

"Kai za ka koya mini saiwa? Matata tana ciki tsakanin rai da mutuwa, kai kana nan kana wanke Shinuwanka."

Sai ya tashi ya ce zai je ya ɗauke ku ya kai wa matarsa Mariyama. A gidansu kuka yi kwana huɗun nan, ko kun manta.

Ina so ku gane cewa a lokacin ba ƙarya nake yi ba. Na yi imani da zuciya ɗaya cewa jiƙo da dafuwa ba su ne matsala ba, in ma akwai bambanci to jiƙo ya fi sauƙi. Ina zaune a barandar nan ina haɗa abubuwa. Tsoho ya san ciwo kafin a gaya masa. Ya ƙi lasa. Saiwar a akwati mai makulli take. Ilu ne ya kai mu, Ilu ne ya fassara, wa ya san abin da suka faɗa wa juna a gabana. Kowane abu na ɗora sai ya zauna daram a kan ɗan'uwansa. Ranar Juma'a, ita tana kwance an mayar da ita ɗakin marasa lafiya na gama-gari, na je masallaci. Bayan an sallame mutane sun taru a wurin ajiye motoci, but ɗin Ilu a buɗe, ana zaɓen kilishi. Wani dattijo ya tambaye ni mai jiki. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku tambayi Ilu, shi ya san abin da aka ba ta. Ku tambaye shi me Shinuwa yake ba shi a kan kowane kai da ya kai masa. Mai maganin da kansa ya ƙi lasa, a gaban idon wannan, kuma ya ce mini in ɗauka in kai wa matata."

Wata mata ta mayar da ƙullin daddawa da ta ɗauka. Ilu yana riƙe da leda a hannu, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya duba mutanen, ya dube ni. Ya ajiye ledar ya rufe but ɗin a hankali.

"Allah ya ba ta lafiya, Mamman."

Abin da ya ce ke nan, ya shiga mota. Mutanenmu a nan ba su da yawa, magana ba ta kwana. Abin ci yake sayarwa, kuma an ambaci guba kusa da sunansa, shi ke nan. Juma'ar da ta biyo ya buɗe but babu wanda ya matsa. Da aka sallamo mahaifiyarku Mariyama ta zo da kunu a kula, na tsaya a bakin ƙofa na ce mun gode, ta mayar. Ta tsaya tana leƙen bayana ko za ta ga ƙawarta. Na rufe ƙofa.

Bayan mako biyu, da na ga mahaifiyarku ta fara tashi tana shiga kicin, sai na ce saura tsohon. Na hau babbar hanya ni kaɗai da rana tsaka. Niyyata in sa shi ya sha, in ya ƙi in watsa masa a akwatunansa. Na tarar da shi da 'yarsa, mace babba mai tabarau, ta kai shekara arba'in, Turancinta a hankali yake fita har ni ina ganewa. Na dire galan ɗin a kan tebur na ce ya sha. Ya kwance murfin ya shinshina, ya karkata shi ya ga garin da ya kwanta a ƙasa. Fuskarsa ta canja. Ya yi wa 'yar magana da sauri.

"Yana tambaya, tana da rai?"

"Tana da rai. Ba don shi ba."

"Minti nawa wannan ya yi a kan wuta?"

"Bai ga wuta ba. Jiƙo ne. Haka ake yi wa saiwa."

"Ƙunshi nawa masu jan biro ke ciki?"

"Duka."

Da ta gaya masa sai ya nemi kujera ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Can ya tashi ya sauko da littafin nan mai kauri, ya buɗe wani shafi da gefensa ya yi baƙi saboda taɓawa. Wani tsiro ne mai fure kamar hular da aka kifa, saiwarsa kamar gwaza da 'ya'yanta a gefe. Kusa da sunan akwai wasu alamomi biyu, ya ɗora farcensa a kai. 'Yar ta ce ma'anarsu babbar guba. Ta ce layin da ke ƙasa yana cewa wuta ce take karya gubar ta bar maganin, sai an dafa har in aka ɗanɗana harshe bai mutu ba. In harshe ya yi zir-zir, ba a sha. Na dake. Na ce ni ban iya karatunsu ba, tana iya karanta mini duk abin da ta ga dama. Ta shiga ciki ta fito da wani littafin na Turanci mai hotuna, ta buɗe, ga tsiron nan dai, ga yankakkiyar saiwar baƙi-baƙi. Ba na karanta Turanci, amma akwai kalma ɗaya da na sani da ido, don tana jikin maganin ɓeran da nake ɓoyewa saboda ku. Na gan ta a shafin har sau uku. Na juya littafin na duba bayansa, na duba ɗinkinsa ko an liƙa shafin ne. Takardar ta tsufa, ta yi ja. An buga littafin nan tun ban san zan zo Amurka ba.

Ta tambaye ni takardar da babanta ya ba ni. Na fita na tono ta a aljihun mota, cikin rasiɗan mai. Sai a lokacin na buɗe ta. Ashe tsohon ya lura ba na karanta Turanci. A ƙasan rubutun ya zana tukunya a kan wuta, ya zana ƙunshi ɗaya tak, ya zana agogo biyu, na farko da na ƙarshe, ya ja jan layi biyu a ƙasa. Yaro ma zai gane. Ya ce wa 'yar ta gaya mini, layin nan na littafi ba wayon mutum ɗaya ba ne, mutane da yawa sun mutu kafin a rubuta shi, shi ya sa yake nuna wa duk wanda ya shigo. Sannan ya shiga bayan kanti inda yake dafa wa waɗanda ba su da lokaci, ya ɗebo wani baƙin ruwa a ƙaramin kofi, ya ce saiwar nan ce tun safe take kan wuta. Ya kurɓa a gabana ya miƙo mini. Na ce a raina wa ya san abin da ke cikin tukunyar. Na dangwala yatsa na lasa. Warin ɗaya ne da na galan ɗina, ɗacin ɗaya ne. Na jira harshena ya mutu, bai mutu ba. Babana itatuwan Damagaram ya sani, kuma a kansu gaskiya ya faɗa. Wannan ba ta cikinsu.

Na ɗauki galan ɗina zan fita, 'yar ta ce:

"Abokinka ya kyauta. Kashegarin ranar da aka kwantar da ita, da safe kafin mu buɗe yana bakin ƙofa. Ya ce yana jin ba a dafa ba. Babana ya rubuta masa sunan saiwar, ya ruga ya kai wa likitoci."

Na lissafa kwanakin a tsaye. Tun kafin Juma'ar nan Ilu ya sani. Yana tsaye da leda a hannu ina zubar masa da mutunci, kalma ɗaya ta ishe shi, bai faɗa ba. Ku kuna tsammani abin da ya fara zuwa raina kunya ce. Ba ita ba ce. Abin da ya fara zuwa shi ne, me yake ajiye maganar yana jira? Wace rana zai fito da ita, a gaban wa?

Na iso gida bayan la'asar. Mahaifiyarku tana zaune tana gwada yi wa Zainabu kitso da yatsunta masu ciwo. Ta san inda na je.

"Malam, me ya ce?"

"Na tarar an rufe kantin."

"Ai dama. Sun san abin da suka yi." Ta ja tsaki. "Ni Mariyama ce take ba ni tausayi. Amma shi mijin nata, Allah ya isa."

Na ce mata ta bar ambaton su. Na shiga banɗaki na daɗe. Na yi tunanin yayyenta a gida, da mutanen bakin masallaci, da yadda za a ce ɗan mai saiwa ya daka wa matarsa guba da hannunsa a turminta, ya cika mata kofi. Na yi tunanin yadda za ta riƙa duban duk abin da na miƙa mata daga ranar. Har yau da nake wannan rubutu ba ta sani ba, kuma sai na gaya mata da bakina kafin takardun nan su zo hannunku. Ilu kuwa kafin shekara ta zagayo ya bar Hyattsville ya koma Fort Washington, inda ba a san shi sosai ba. Sana'ar ba ta sake tashi ba. Daga baya ya tattara iyalinsa ya koma gida. Ranar da nake jira ya fito da maganar ba ta zo ba.

Kashegarin zuwana kantin na fita bayan asuba kamar kullum. Na tsaya bayan gidanmu na tuttule galan ɗin a magudanar ruwa, na yayyaga takardar mai tukunya da agogo na tura cikin bola. Na tafi layin tasi na tashar jirgin ƙasa. Motar Ilu tana gabana, mota biyu tsakaninmu. Ya hango ni ta madubi. Ya fito, ya gyara hula saboda sanyi, ya tako har wurina ya ƙwanƙwasa gilashi da yatsa ɗaya. Na sauke shi kaɗan, iya yadda murya za ta shigo.

"Ina kwana, Mamman. Ya mai jiki?"

Na dubi fuskarsa ina neman alamar ko an bugo masa waya daga kantin. Ban ga komai ba, sai idanunsa da suka faɗa.

"Da sauƙi," na ce.

"Tana cin abinci?"

"Tana ci."

Ya tsaya, hannunsa a kan rufin motata. Maganar tana bakina, na ji nauyinta a kan harshe. Jirgi ya iso, mutane suka fara fitowa daga tasha, mai motar da ke bayana ya danna mini oda. Na ɗaga gilashi, na murza sitiyari na fita daga layin ba fasinja, na tafi neman wata tashar da zan riƙa tsayawa.